Kula da Ingancin Aiki a Harkar Kasuwanci

Kula da ingancin aiki fanni ne na ilimin gudanarwa da ke bin diddigin matakan da kaya ke ratsawa tun daga tushe har su isa hannun mai saye, domin a toshe kuskure a inda yake ɓullowa. Jigon fannin shi ne cewa tantance kaya bayan an kammala su ba ya ƙara musu kyau, asarar da aka riga aka tafka kawai yake nunawa.

Walter Shewhart, wani masani Ba'amurke, shi ya fito da jadawalin sa ido kan bambancin kayan masana'anta a 1924. W. Edwards Deming, shi ma masani Ba'amurke, ya kai wannan ilimi Japan a 1950, yana koyar da cewa akasarin lahani daga tsarin aiki yake, ba daga ma'aikaci ba. Kamfanin Toyota ya yi suna da gyaran kaɗan-kaɗan na yau da gobe. A 1987 aka fitar da ƙa'idojin duniya na kula da ingancin aiki, waɗanda ake kira ISO 9000. A Najeriya hukumar SON ke kula da ma'aunin ingancin kaya, NAFDAC kuma abinci da magani.

Hanyar da aka fi sani tana da matakai huɗu masu zagayawa: a tsara gyara, a gwada shi a kan kaya kaɗan, a duba sakamako, sannan a mai da shi ƙa'ida ko a sake lale.

Gyaran shinkafa a Kebbi ya isa misali, musamman tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a jihar a watan Nuwamban 2015, sana'ar ta bunƙasa. Idan ɗan kasuwa a Argungu ko Kamba ya buɗe buhu ya tarar da karyayya da tsakuwa, mai inji ake fara zargi. Sau da yawa kuwa ɓarnar ta riga shi. Shanshera da aka shanya a ƙasa ba tare da shimfiɗa ba dole ta kwashi tsakuwa. Wadda aka guma aka bari cikin zafin rana har ta bushe ƙayau, ƙwayarta kan tsage tun tana cikin ƙaiƙayi, inji na taɓa ta sai ta farfashe. Danshin da ya dace da casa shi ne wajen kashi 14 cikin ɗari. Gogaggu kan gane shi da haƙori, kuma gwanintarsu abin girmamawa ce, amma haƙorin wani daban yake da na wani. Ƙaramar na'urar auna danshi tana ba kowa amsa ɗaya.

Matakin da ƙananan masu sana'a suka fi sakaci da shi shi ne rubutu, alhali shi ya fi araha. Littafi guda ya wadatar: daga wace kasuwa aka sayo kayan, awa nawa suka yi a jiƙe, wa ya shanya, mudu nawa na karyayya ya fita a kowane buhu. Bayan makonni kaɗan shafukan kan nuna matakin da ke cinye ribar.