Babban Inji Ba Shi Ne Gudun Jirgi Ba

Daga bakin Gulbin Rima har madatsar ruwa ta Goronyo, in ka tambayi masu jiragen inji yadda za a ci tsere, amsa ɗaya ce: a sayo inji mai ƙarfin doki 40, a jefar da mai 15. An daɗe ana wannan kuskure.

Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka duk ɗan abin da ya ja ruwa yana cin gudu. Babban inji na danne ƙaramin jirgi ta baya, hanci ya ɗaga sama, jirgin ya riƙa huɗar ruwa kamar garma, mai na ƙonewa a banza.

Sirrin yana wajen farfela. Lanƙwasar fuka-fukanta tamkar giyar mota ce. Ƙarin inci 1 a lanƙwasar kan rage juyin inji da kamar 150 zuwa 200 a minti. In ta yi yawa, sai inji ya yi ta nishi bai kai juyin da kamfani ya tsara masa ba; in ta yi kaɗan, sai ihu ba tafiya. Shafa bakin fiffiken da yatsa, malam. Ka ji gurbin da dutse ko itace ya ci? Nan gudunka ke zuba.

Sai tsayin ɗaurin inji: in ya nutse da yawa yana jan ruwa, in ya yi sama farfela ta shaƙi iska. Jarkar mai kuma a matsar da ita gaba kaɗan, a kankare gansakukar da ta manne a gindin jirgi, aikin da samari ke ƙi saboda ƙyuya.