Tutar Panama a jirgin da ya ɗauko kayanka ba laifi ba ce

Kwanakin nan akwai wata murya da ke yawo a WhatsApp tsakanin ƴan kasuwar Maradi, wai duk jirgin ruwan da ya doshi Lome da tutar Panama ko ta Laberiya jirgin ɓarayi ne, sojan ruwa za su tare shi su ƙwace kwantenonin da ke ciki. Har wasu alhazai sun hana masu fitar musu da kaya barci da kiran waya. Wannan magana ba ta da gindi a doka.

Dokar da ake bi ita ce yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan teku, wadda aka sa wa hannu a Jamaika a 1982, ta fara aiki a 1994. Nijar ta shige ta a 2013. Ta shafi kowane jirgi da ke fita teku, na kaya ne ko na mai ko na kamun kifi. Sashe na 90 ya ce kowace ƙasa, tana da gaɓar teku ko ba ta da ita, tana da ikon ba jirgi tutarta. Ke nan masu cewa Nijar ba ta da hurumin ba jirgi tuta don ba ta da teku su ma ba su duba ba. Mongoliya ko ƙamshin teku ba ta ji, amma tana rajistar jirage.

Tuta kamar lambar mota ce: tana nuna inda aka yi wa jirgin takardu da dokar ƙasar da ke aiki a cikinsa. Ba ta nuna garin mai jirgin, balle na mai kayan. Attajirin Girka zai iya rajista a Panama, ya ɗauko shinkafarka daga Indiya, komai bisa ƙa'ida. Panama da Laberiya da Tsibiran Marshal su ne ma kan gaba a duniya wajen wannan rajista. Ƙaramar tutar Togo da za ka gani a hoton jirgi idan ya shigo Lome kuwa, gaisuwar baƙo ce ga masu gida, al'ada ce ta matuƙa.

Inda ruɗanin ya fito shi ne sashe na 92. Ya ce jirgi tuta ɗaya yake tafiya da ita, kuma ba ya sauya ta a tsakiyar tafiya sai in an sayar da shi da gaske ko an canza rajista. Wanda ya ajiye tutoci biyu, yau ya ɗaga wannan gobe waccan gwargwadon wanda ya tare shi, ana iya ɗaukarsa jirgi marar ƙasa. Hukuncin ke nan, kuma ba ƙarami ba ne. Jirgi mai tutar gaskiya, a tsakiyar teku ƙasar tutarsa ce ke da iko da shi, ban da ƴan dalilai kamar zargin fashi ko cinikin bayi. Marar ƙasa ba shi da wannan rumfa: sashe na 110 ya ba jirgin yaƙin kowace ƙasa damar hawansa a bincike shi, kuma ba gwamnatin da za ta tsaya masa. Tara ko ɗauri kuwa, wannan ya rage ga dokar ƙasar da ya faɗa hannunta.

An taɓa gwada wannan a nan yankinmu. A 1997 Gini ta kama jirgin dakon mai da ake kira Saiga, mai tutar Sen Binsent, wata ƙasar tsibiri a yankin Karebiyan, ta kuma ce babu wata alaƙa ta haƙiƙa tsakaninsa da waccan ƙasa. Kotun teku da ke Hambog ta Jamus ta yanke a 1999 cewa wannan ba hujjar ƙin amincewa da tuta ba ce, ta sa Gini biyan diyyar sama da dala miliyan 2.

Ni dai a nan nake ganin dokar ta yi sako-sako. Sashe na 91 ya nemi alaƙa ta haƙiƙa tsakanin jirgi da ƙasar tuta, amma bai faɗi mece ce ita ba. Sai mai kuɗi ya zaɓi inda haraji ya fi sauƙi, sa ido ya fi rauni. Ofishin rajistar Laberiya ma a Amurka yake. In mai jirgi ya tsere da albashi, ma'aikatan ne ke yin watanni a tasha ba mai waiwayarsu, mai kwantena kuwa a Maradi da wuya labarin ya iso masa.