"Damawa da kowa" a makarantar ƙananan yara: wa ke riƙe da ludayin?

Kwanakin nan da wuya ka kunna rediyo ba ka ji "damawa da kowa" ba. Gwamna ya raba muƙamai, a ce gwamnatin damawa da kowa ce. An buɗe ajin rainon yara, mai jawabi ya ce ilimi ne mai damawa da kowa. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda aka mayar da maganar daidai da barin ƙofa a buɗe: an rubuta sunan yaro a rajista, shi ke nan wai an dama da shi. Alhali duk wanda ya ga ana damun fura ya san mai ludayi ne ke yanke yawan nono da kaurin damu. Wanda aka miƙa wa ƙwarya ya sha, sha kawai ya yi.

Inda wannan bambanci ya fi fitowa fili shi ne Ostireliya, a kan 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da ake kira Aborijin, waɗanda ba su kai kashi 4 cikin 100 na jama'a ba. A 2020 gwamnatocin ƙasar da ƙungiyoyin 'yan asalin suka sa hannu a yarjejeniyar Cike Giɓi, wato giɓin da ke tsakanin 'yan asalin da sauran jama'ar ƙasar. Cikin alƙawuran akwai shigar da kashi 95 cikin 100 na yaransu ajin share fagen firamare kafin ƙarshen 2025, da kuma kai kashi 55 cikin 100 ga cikakken girma ta fuskar lafiya, harshe, tunani da mu'amala nan da 2031. Na farkon kusan an cim masa a takarda. Na biyun kuwa, a awon 2021 kusan kashi 34 aka samu, ƙasa ma da na 2018. Rajista ta cika, yaran suna nan inda suke.

To me ya hana? Mu ɗauki abu ɗaya ƙarami, fom ɗin shiga makaranta. Yana da layin uwa, yana da layin uba. A yawancin al'ummomin Aborijin kuwa, 'yar'uwar mahaifiyarka uwa ce, ɗan'uwan mahaifinka uba ne, 'ya'yansu yayye da ƙanne ne, kuma kaka na da ta cewa a kan tarbiyya. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Amma malamar da ta tashi a gidan mata da miji da 'ya'ya biyu, idan ta ga yau kaka ta kawo yaro, gobe inna ta zo ɗauka, jibi an ce ya kwana gidan kawu, abin da zai fara zo mata shi ne yaron ba shi da mai kula. Ga shi doka ta ɗora wa malamai kai rahoto idan suna zargin sakaci.

Nan ne tarihi ke shigowa aji. Daga wajen 1910 zuwa shekarun 1970, hukumomi sun riƙa ƙwace yaran Aborijin daga hannun iyayensu suna kai su gidajen mishan da na Turawa, sau da yawa da wannan hujja ta "sakaci". Rahoton bincike na 1997 ya tona abin, kuma sai ranar 13 ga Fabrairun 2008 Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa. Wasu daga cikin kakannin da ke rako jikoki makaranta yau su ne yaran da aka ɗauke. Har yanzu kuma yaron Aborijin ya ninka sauran yara kusan sau 10 wajen yiwuwar hukuma ta raba shi da gidansu. Ka ce wa irin wannan kaka ta zauna ta rubuta wa baƙuwa sunayen mutanen gidanta da inda yaro ke kwana, sannan ka yi mamakin ba ta dawo ba?

Haka zancen rasuwa. Zaman makoki a wasu yankunan kan ɗauki makonni, dangi su yi tafiya mai nisa da yaransu. Wasu al'ummomin ba sa kiran sunan mamaci na wani lokaci. A wajen ƙabilar Walpiri, mai suna irin na mamacin sai a riƙa ce masa Kumanjayi. Malamar da ba ta san wannan ba za ta yi ta kiran suna da ƙarfi kowace safiya, yaro ya sunkuyar da kai, ta rubuta cewa ba ya amsawa. Wani lokacin ma ba ya jin ta ne, don ciwon kunne ya yi yawa a tsakanin waɗannan yara.

Abin da makarantu da yawa ke kira damawa shi ne rataye tutar Aborijin, baƙi da ja da rawayar rana a tsakiya, a sa yara su yi zanen ɗige-ɗige a makon bikin 'yan asali na watan Yuli. Ba na raina wannan, ya fi babu. Amma ado ne. Tsarin koyar da ƙananan yara na ƙasar, wanda aka fitar a 2009 aka sabunta a 2022, ya nemi a sa ilimin 'yan asali cikin aikin yau da kullum. Ƙungiyar SNAICC, da ke magana da yawun yaran tun 1981, ta fi matsawa gaba: a ba al'umma cibiyoyin rainon yara su gudanar da kansu, su ɗauki malamai daga cikinsu, dattawa su shigo a matsayin masu koyarwa. Ni a nan nake, don ma'aunin da ya fi gamsar da ni shi ne wanda wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙabilar Mawori a Niyu Zilan, Irihapeti Ramsden, ta kawo: wanda ake yi wa hidima ne zai ce ya samu natsuwa, ba mai yi ba.

Sai harshe. Kafin zuwan Turawa a 1788 ana magana da harsuna sama da 250. Yau waɗanda yara ke tashi da su sosai ba su kai 20 ba. Yankin Arewacin Ostireliya ya fara koyarwa da harshen gida tare da Turanci a 1973, kuma a garin Yirrkala mutanen ƙabilar Yolngu suka gina abin da suke kira koyo ta hanya biyu. A 2008, shekarar neman gafara, gwamnatin yankin ta ba da umarnin a yi awa huɗu na farkon kowace rana da Turanci zalla, ba tare da ta zauna da masu makarantun ba. Daga baya an sassauta, amma makarantu da dama ba su koma yadda suke ba.