Alwatika a ɗinkin haɗe-haɗe: wace hanya za a bi, wace rula za a saya?

Kowane shagon tela a Aboabo ko Asawase yana da buhun guntayen atamfa a ƙarƙashin tebur. Haɗa su a yi zanin gado ko jaka, irin aikin da Asantawa ke kira asasawa, ba sabon abu ba ne a Kumasi. Muddin murabba'i ake jerawa, aiki na tafiya sumul. Da an shiga alwatika sai tsini ya ɓace, gefe ya miƙe, layi ya ƙi haɗuwa. Ga tambayoyin da masu koyon ɗinki suka fi yi mini a kan haka.

Madam, me ya sa alwatika ke lanƙwashewa ko da na auna daidai?

Saƙar yadi ce. Zaren yadi yana tafiya tsaye da kwance, kuma ta waɗannan fuskoki biyu ba ya miƙewa sosai. Amma doguwar fuskar alwatika a karkace ake yanka ta, ta ratsa zaren duka biyu. Ɗauki ƙyalle ki ja shi daga kusurwa zuwa kusurwa, za ki ji yana biyo hannunki. Ƙafar keke tana jan sa haka, dutsen guga ma haka. Shi ya sa hanyoyin da na fi amincewa da su duk dabararsu ɗaya ce: a yi ɗinki tun yadin yana murabba'i, sannan a yanka.

To yaya ake yin haka?

Mu ɗauki murabba'i mai alwatika biyu, rabi launi ɗaya rabi wani. Ki yanka murabba'i biyu, ki kifa fuska da fuska, ki ja layi da fensir daga kusurwa zuwa kusurwa. Ki yi ɗinki inci 1/4 daga layin ta dama, ki sake ta hagu, sannan ki yanka a kan layin. Kin sami guda biyu ke nan.

Lissafinsa: girman da kike so ya fito a gamammen aiki, ki ƙara inci 7/8. Mai inci 3 za a yanka masa 3 da 7/8. Mutane kan yi mamaki don sun saba ƙara rabin inci wa murabba'i, amma tsinin alwatika yana cin alawus, wato rarar yadin da ake bari a bakin ɗinki, fiye da gefe madaidaici. Ni dai ban ba mai koyo shawarar 7/8 ba. Ki ƙara inci ɗaya cif, ki yanka 4, bayan guga ki rage shi zuwa 3 da 1/2. Ɗan abin da za ki aske bai kai faɗin tsinken tsintsiya biyu ba, amma shi ke gyara duk kaucewar da hannu ya yi.

Idan zanin gado ne mai buƙatar ɗaruruwa fa?

Sai ki koma hanyar takwas a lokaci guda. Ki ninka wancan lissafi sau biyu: mai inci 3 zai zama murabba'i mai inci 7 da 3/4, ko 8 in za ki aske. Ki kifa murabba'i biyu fuska da fuska, ki ja layi biyu masu giciye daga kusurwa zuwa kusurwa, ki ɗinka gefe-gefen kowanne, sannan ki yanka sau huɗu: tsaye ta tsakiya, kwance ta tsakiya, sai kan layukan fensir biyu. Gefunan waje duk suna bin saƙa, ba sa miƙewa.

Sharaɗinta shi ne duk takwas ɗin launinsu iri ɗaya ne, kuma tana son babban ƙyalle. Wadda ta yanko yadi shida na atamfar GTP ko ATL daga kasuwar Kejetia, wannan hanyar tata ce. Mai tsince daga buhu kuwa ta tsaya a bibbiyu, ta fi samun gauraye mai kyau.

Na ga ana ɗinke murabba'i zagaye, a yanka shi giciye a sami huɗu. Ba ta fi sauƙi ba?

Ta fi sauri, babu ko jan layi. Sai dai duk gefuna huɗu na abin da zai fito a karkace suke, wato an kwashe matsalar daga tsakiya an kai ta waje. In dole ne, a sa sitaci sosai kafin yanka. Ban so ta wa sabon hannu.

Ina da kuɗin rula ɗaya tak. Wacce?

Rular roba mai garai-garai, murabba'i, inci 6 da 1/2, wadda ke da layin digiri 45 daga kusurwa zuwa kusurwa da tsagin 1/8. Ki ɗora layin nan a kan ɗinkin, ki aske gefe biyu, ki juya ƙyallen, ki aske sauran biyun. Da ita kaɗai za ki daidaita kowane girma daga shida da rabi zuwa ƙasa. Ta biyu in kuɗi sun samu ita ce doguwa, 6 da 24, don yanka tsiri.

Waɗannan ruloli an yi su ne don wuƙar nan mai faifai da kamfanin Olfa na Japan ya fitar a 1979, kuma ita sai da tabarmar yanka a ƙasa. Wanda bai da su kada ya karaya: rula da fensir mai tsini da almakashi mai kaifi suna yin aikin, lokaci kawai za su ci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ja layi da tef ɗin awo. Tef na jikin mutum ne, yana lanƙwasa, kuma tsoho yana miƙewa. Alli ma kaurinsa ya isa ya cinye 1/8.

Ruloli na musamman da ake tallatawa a Facebook fa, suna da amfani?

Suna da shi, amma kowacce aiki ɗaya ta iya. Easy Angle tana yanka alwatika daga tsiri kai tsaye: mai inci 3 daga tsirin 3 da 1/2 ake fitar da shi, babu lissafin 7/8, kuma tsirin da aka yanka wa murabba'i shi zai yi wa alwatika. Ga mai amfani da guntaye dogaye sirara wannan riba ce ta gaske, sai dai ɗinkin a kan karkataccen gefe zai bi, don haka tana son hannu mai sanyi. Bloc Loc tana da kwari a ƙasa da ke kama tudun ɗinki don kada ta zame lokacin askewa. Rula mai digiri 60 ta alwatika ce mai fuska uku daidai wa daida, Tri-Recs kuma ta dogon tsini ce a cikin murabba'i, wanda rular 45 ba za ta taɓa fitarwa ba.

Galibinsu sai an yi odarsu daga waje, ga kuɗin aike. Ki jira har wani zane ya zama shi kike yi kullum, sannan ki saya masa tasa. Kafin nan, samfurin kwali mai ƙarfi ya isa, amma a sake shi da zarar bakinsa ya fara cinyewa.

Sauran siffofi ma 7/8 ake ƙara musu?

A'a. Murabba'i mai alwatika huɗu da suka haɗu a tsakiya, inci 1 da 1/4 ake ƙarawa. Sai mai babbar alwatika a tsakiya da ƙanana biyu a gefe: idan mai tsawon inci 2 da faɗin inci 4 ake so, babban murabba'i ɗaya na 5 da 1/4 da ƙanana huɗu na 2 da 7/8 za su ba da guda huɗu ba tare da asarar yadi ba.

Na bi lissafi, na aske, amma tsinin yana nutsewa in na haɗa layi. Laifin rula ne?

Kusan kullum alawus ne. Tela ya saba barin rabin inci ko fiye a riga, kuma ƙafar keken Butterfly ba lallai faɗinta ya zama 1/4 ba. Ki auna daga allura, ki manna tef mai gam a kan farantin keke ya zama jagora. Gwada da tsiri uku masu faɗin 1 da 1/2: in kin haɗa su kin goge, na tsakiya ya zama inci ɗaya, duka kuma 3 da 1/2. In bai kai ba, ki matsar da tef ɗin ki sake.

Wajen haɗa layi, alwatikar ta kasance a sama inda za ki ga mahaɗar ɗinki biyu, allura ta wuce dab da ita ta wajen gefe. Guga kuma dannawa ake a ɗaga, ba a gurzawa, musamman da dutsen gawayi mai nauyi. Atamfa sabuwa a wanke ta kafin yanka, domin wata na tsukewa wata na zuba, kuma ba ka gane haka sai ranar wankin farko.