Manhajojin Waya na Tattara Bayanan Jinyar Masu Bugun Zuciya

Manhajojin tattara bayanan jinya manhajoji ne na wayar hannu ko ƙaramar kwamfutar hannu da ma'aikatan jinya ke cikewa a gefen gadon majinyaci a madadin takardun fayil. Amfaninsu ya fi fitowa fili a kan masu bugun zuciya, wato waɗanda jijiyar da ke kai jini ga tsokar zuciyarsu ta toshe, har wani sashe na tsokar ya fara mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe kimanin mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, kuma kashi 85 cikin 100 na wannan adadi bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ne ajalinsu.

Lokaci shi ne ginshiƙin jinyar wannan ciwo. Ƙa'idojin likitocin zuciya sun tanadi a yi wa majinyaci gwajin zanen bugawar zuciya, wanda ma'aikata ke kira isiji, cikin minti 10 da isowarsa. Idan allurar narkar da gudan jini za a yi masa, ana so a yi ta cikin minti 30, idan kuma buɗe jijiyar za a yi, cikin minti 90. A takarda, nas kan cike gurbin lokaci ne bayan ƙura ta lafa, da abin da ta iya tunawa, amma manhaja tana buga sa'a da minti da kanta a kan duk abin da aka shigar, kuma ba ta yarda a rufe fom alhali an tsallake tambaya ta dole.

Sai dai lokacin da ya fi kowanne nauyi, wato sa'ar da ciwon ya soma, daga bakin majinyaci ake samunsa, kuma a kansa likita ke yanke shawarar allurar, domin galibi cikin awa 12 na farko ake yin ta. Dattijon da aka kawo daga Rigasa ko Tudun Wada zuwa asibiti irin na Barau Dikko a Kaduna ba lallai ya ambaci ƙarfe nawa ba. Zai ce tun bayan sallar Asuba yake jin kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, 'ya'yansa kuma su ce olsarsa ce ta tashi. Sai nas ta bi a hankali: “Baba, kafin ka karya kumallo ne ko bayan ka karya?” Fom ɗin da aka tsara da Turanci, da zaɓi huɗu ko biyar, ba ya ɗaukar irin wannan amsa, shi ya sa manhaja mai kyau ke barin fili a rubuta kalaman majinyaci yadda ya faɗe su. Hakan ya fi zama wajibi ga mata da tsofaffi da masu ciwon suga, waɗanda ciwon kan zo musu da haki, gumi, tashin zuciya ko kasala, ba tare da ciwon ƙirji mai tsanani ba.

Sauran abubuwan da ake shigarwa sanannu ne: awon jini, bugun jijiya, numfashi, zafin jiki, yawan oksijin a jini, hayyacin majinyaci, ƙarfin ciwo daga 0 zuwa 10, sakamakon gwajin tiroponin (sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan tsokar zuciya ta samu rauni), da tarihin hawan jini, shan taba da magungunan da ya sha a gida, har da na gargajiya. Wasu manhajojin kan haɗa alkaluman su fitar da maki, kamar ma'aunin NEWS2 da Kwalejin Likitoci ta Landan ta fitar a 2017, su yi gargaɗi idan jiki ya fara rikicewa. Akwai kuma ma'aunin Killip na 1967, mai raba gazawar zuciya bayan bugu zuwa mataki huɗu.

Ba kowane asibiti ke gina manhaja daga tushe ba. Ana iya tsara fom a kan REDCap, wanda Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta samar a 2004, ko a kan ODK da KoboToolbox, waɗanda ke aiki ko babu intanet, su tura bayanai rumbu idan sabis ya dawo. DHIS2 na Jami'ar Oslo, wanda Najeriya ke tara alkaluman lafiya na ƙasa a kansa, ya fi shahara wajen jimillar rahotanni.

Cikas ɗin da aka fi sani su ne rashin wutar caji, ƙarancin na'urori, da aiki biyu da kan hau kan nas idan asibiti bai daina fayil na takarda ba. Batun sirri ya fi su nauyi. A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanan majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Saboda haka ana buƙatar kowane ma'aikaci ya shiga da lambar sirrinsa, a kulle bayanan da ke cikin na'ura, a kuma guji ajiye hoton isiji mai ɗauke da sunan majinyaci a wayar da nas ke komawa gida da ita.