Jita-jita da Labaran Ƙarya a Arewacin Kamaru da Chadi

Jita-jita magana ce da ke yawo a bakunan mutane ba tare da an san tushenta ba. Ta bambanta da ƙanzon kurege, wato labarin da wani ya ƙirƙira da gangan domin ya yaudari jama'a, domin mai yaɗa jita-jita sau da yawa ya yarda da abin da yake faɗa, har yana ganin taimako yake yi.

A garuruwa irin su Garwa da Marwa da Kusuri da Injamena, inda Hausawa ke zaune tare da Fulani da Kanuri da Larabawan Shuwa, da can labari kan bi kasuwa da tashar mota da majalisar bayan sallah. Yanzu saƙon murya na WhatsApp ya fi su sauri. Dalilin kuwa shi ne, yawancin sanarwar hukuma da Faransanci take fitowa, alhali saƙon murya yana zuwa da harshen gida, daga wayar ɗan'uwa ko maƙwabci wanda ake jin nauyin a ƙaryata shi.

Ɓarnar jita-jita ta fi bayyana a harkar lafiya. A shekarar 2003 aka baza cewa maganin rigakafin shan inna yana hana haihuwa, sai wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da shi, Kano kuma ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004. Kafin nan cutar ta ƙetara iyaka ta shiga ƙasashe maƙwabta, ciki har da Chadi da Kamaru, ta nakasa yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Musulunci ya daɗe da shimfiɗa ƙa'idar tantance labari. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarci muminai su bincika idan fasiƙi ya zo musu da labari, malaman hadisi kuma ba sa karɓar ruwaya sai sun san wa ya ji daga wa, da ko mutumin amintacce ne. Wannan tambayar ta isnadi ita ce dai ta dace da kowane saƙo da ya shigo waya.

Hukumomi sun fi karkata ga doka da toshewa. Dokar Kamaru ta 21 ga Disamba 2010 kan laifuffukan intanet ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, ko tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba. Chadi kuwa ta rufe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 bisa dalilin tsaro.

Sai dai kalmar "ƙarya" ita ma ana iya jifan gaskiya da ita, kuma wannan abu ne da bai kamata a manta ba. A Yuli 2018 wani bidiyo ya bazu yana nuna sojoji suna harbe mata biyu da yara biyu, ministan sadarwa na Kamaru na lokacin, Issa Tchiroma Bakary, ya ce labarin ƙarya ne. Masu binciken BBC suka kwatanta siffar duwatsun da ke cikin bidiyon da hotunan tauraron ɗan'adam, suka auna inuwar sojojin domin gane lokacin shekara, suka gano an yi kisan a 2015 kusa da ƙauyen Zelevet a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru. A watan Satumba na 2020 kotun soja a Yawunde ta yanke wa sojoji huɗu ɗaurin shekara 10, na biyar kuma shekara 2.