Shiko Mendes da tambayar da Maraɗi ta sani: itacen nan na wa ne?

Da magaribar ranar 22 ga Disamba 1988, Shiko Mendes, jagoran masu tatsar roba a dajin Amazon, ya buɗe ƙofar bayan gidansa a garin Shapuri na jihar Akre, ƙasar Barazil, zai fita wanka, sai aka harbe shi. Mako guda ke nan da cikarsa shekara 44. Ƴan sanda biyu da aka ba shi don tsaro suna cikin gidan a lokacin. Wanda ya yi harbin ɗan wani mai gonar shanu ne, kuma a 1990 kotu ta yanke wa ɗan da ubansa ɗaurin shekara 19 kowannensu.

Dajin Amazon ya yi mana nisa, ruwan da ake yi can ba irin namu ba ne. Amma rigimar da ta ci ran mutumin nan, duk dattijon da ya yi noma a Tibiri ko Agye kafin yunwar 1984 zai gane ta, domin rigima ce a kan wa ke da iko da itace.

An haifi Shiko a 1944 cikin iyalin masu tatsar roba. Sana'ar ta yi kama da ta masu ɗiban ƙaro a wajenmu: a tsaga bawon itace, a tari ruwan da ke zuba, itacen yana nan da ransa. Sai dai mai tatsa ba shi da ƙasa. Uban gida ne ke da dajin, shi ke sayen robar, a kantinsa ake ɗaukar gishiri da kananzir bashi, shi ne kuma ke riƙe da littafin lissafi. Shi ya sa iyayen gidan ba su yarda a buɗe makaranta ba, don wanda ya iya ƙidaya zai gane ana cutarsa. Shiko sai da ya kai wajen shekara 18 ya koyi karatu, a hannun wani ɗan gwagwarmaya mai suna Euclides Távora da ya ɓuya a dajin.

A shekarun 1970 gwamnatin soja ta buɗe Amazon ga masu kuɗi daga kudancin ƙasar. Suka sayi dazuzzuka, suka sare, suka ƙone, suka shuka ciyawar shanu, aka kori dubban iyalai. Kada mai karatu ya kwatanta waɗannan da Fulaninmu. Attajirai ne masu shinge da ƴan bindiga, makiyayinmu kuwa shi ma sau da yawa burtalinsa ake cinyewa, kuma har yau ba mu manta da kisan makiyaya da aka yi a ƙauyen Toda a 1991 ba.

Makamin masu tatsar roba shi ne abin da suke kira empate, wanda suka fara a 1976. In labari ya zo ana sarar daji, sai su taru, daga baya har da mata da yara, su yi tafiyar ƙasa su je su tsaya tsakanin itatuwa da masu zarton inji, hannu rabbana. Sukan yi ta lallashin leburorin, waɗanda su ma talakawa ne, har su ajiye aiki. Wani lokaci a dace, wani lokaci ƴan sanda su kwashe su. A 1980 aka kashe jagoransu Wilson Pinheiro a ofishin ƙungiyar ƙwadago ta Brasiléia, nauyi ya ƙara komawa kan Shiko.

Abin da ya fi burge ni a rayuwarsa shi ne sulhun da ya nema da ƙabilun asali na dajin. Tsakaninsu da masu tatsar roba akwai tsohon jini, don lokacin da kasuwar roba ta buɗe, a ƙasarsu aka shiga, an kuma kashe su da yawa. Shiko da Ailton Krenak, ɗaya daga cikin jagororin ƴan asalin, suka haɗa ɓangarorin biyu cikin ƙawancen mutanen daji. Daga tsarin filayen ƴan asalin ne ma masu roba suka ari dabarar da suka gabatar a babban taronsu na 1985 a Barasiliya: daji ya zauna a hannun gwamnati, ba mai sayarwa, amma amfaninsa na mazauna cikinsa ne. A 1987 ya je Mayami ya shaida wa bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ɓarnar da hanyar mota ta BR-364 ke jawowa, aka dakatar da kuɗin da bankin ke bayarwa don aikin hanyar, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ba shi lambar yabo. Wannan ya ƙara masa maƙiya a gida.

A daidai shekarun nan, Maraɗi na fama da tata. Tun dokar Turawan Faransa ta 1935, wadda dokar gandun daji ta 1974 ta gada, manyan itatuwa irin su gawo na hukuma ne ko da a gonarka suke. Manomi ya sare reshe, tara ta hau kansa. To wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Sai kowa ya riƙa share gona ƙal, iska ta kwashe ƙasa, rairayi ya binne shuka. A 1983 Toni Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki a nan, ya lura kututturan da ake sassabewa duk shekara saiwarsu na raye. Bayan yunwar El Buhari ta 1984 manoma suka fara barin ƴan rassa su tashi, abin da muke kira sassabin zamani. Bai kankama ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya rena shi zai ci moriyarsa. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka kafa kwamitocin tsaro na kansu. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, galibi a Maraɗi da Damagaram, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raya.

Mu mun samu namu ba tare da an harbe jagora a ƙofar gidansa ba. A Barazil sai da Shiko ya mutu aka kafa gandun da ya nema, a 1990, mai faɗin hekta kusan 970,000, aka sa masa sunansa. Kisan kuma bai tsaya ba. A 2005 aka harbe Doroti Stang, ƴar zuhudu mai shekara 73, a Anapu ta jihar Para. A watan Yunin 2022 aka kashe Bruno Pereira, masanin ƙabilun asali, tare da ɗan jarida Dom Phillips a kwarin Javari, suna kan hanyar dawowa daga ziyarar ƴan asalin da ke sintirin kare kogunansu.